Gemun Baba Ishaƙa da Yaren Mika'ilu

Duk wanda ya zauna da Baba Ishaƙa, ko na shan shayi ɗaya ne, ya san bai taɓa nuna abu da yatsa ba. Ya ce yatsan da yake ɗagawa a zaman tahiya yana shaida kaɗaitar Allah bai kamata ya sauko ya koma nuna kwalin tayil ba. Shi ya sa yake yawo da gorarsa mai gaɓa bakwai, wadda ya tsallako teku da ita daga Mai Wurno yana saurayi. Da ita yake nuna kaya, da ita yake nuna hanya, da ita yake nuna tsokar da yake so a faranti. Mu da muka ci abinci da shi mun koyi kawar da kai.

Ni Habu, shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa motar ɗaga kaya a mustauda, wato babban siton tayil da ke Madinar Masana'antu, Baba kuwa shi ne mai kula da siton tun kafin a haifi rabin ma'aikatansa. 'Yan'uwa na unguwarmu Sa'alaba, a nan Jidda, sun ce in rubuta abin da na sani game da shi tunda ni na fi kowa shan gorar nan a kafaɗa. To bismillah.

Baba yana cewa yare goma sha ɗaya yake ji. Da farko na ɗauka da gaske ne, sai ranar da wani direba Bafakistane ya sauko daga babbar mota ya yi ta zuba masa Urdanci kamar an ɓalle famfo. Baba ya dogara da gora yana gyaɗa kai, har da cewa "na'am" a wuraren da suka dace. Da mutumin ya gama, Baba ya ɗaga gora ya ce, "Wo." Direba ya yi murmushi, aka loda masa kaya, ya tafi yana godiya.

Na ce, "Baba, me ya ce?"

Ya ce, "Ina zan sani?"

"To yaya ka ba shi amsa?"

"Habu, mutum ba ya tuƙo mota tun daga Dammam don ya ba ni tarihin kakansa. Kaya yake so. Mai sito kalma uku yake buƙata a kowane yare: wannan, wancan, da wancan na can nesa. Saura duk surutu ne."

A ranar na gane yarensa goma sha ɗaya, in ka cire Hausa da Larabci, duka ba su cika shafi ɗaya ba. Kuma da su ya riƙe sito shekara arba'in ba a taɓa loda wa wani kayan wani ba.

Sai kuma halinsa na rashin zubar da abu. Duk jirgin tayil da ya zo daga Sifen, in an sayar aka bar kwali biyar ko goma, doka ita ce a karyar da farashi a rabu da su. Baba ba ya yarda. Sai ya sa ni in kwashe su zuwa lungun ƙarshe na sito, wurin da ya raɗa wa suna Bayan Gari. Yana da littafi mai bangon fata da yake rubuta su da ajami, kuma ba da lamba ba. Zai rubuta: "Fari mai jijiya, wanda ya zo ranar da Habu ya ɗauki ƙofar sito da mota." Ko: "Ruwan ƙasa, na shekarar da ruwa ya ci Jidda." Da idonsa ya yi rauni, ni na koma mai rubutun, domin ni ma allo na yi kafin in san sitiyari. Sau uku ina roƙonsa a goge maganar ƙofar nan. Ya ce tarihi ba a goge shi.

Haka muke har tsohon kafilinmu, wato ubangidan da ya tsaya mana a kan takardun zama, ya tsufa ya miƙa wa ɗansa Majid ragamar kamfani. Majid ba mugu ba ne, sai dai ya yi karatu a waje ya dawo da son komai ya shiga kwamfuta. Ya ɗauko wani injiniya daga Sifen, dogo, mai jan wuya, sunansa Migel, ya ce shi zai sake tsara sito. Ya tara mu ya ce duk wanda ba zai iya aiki da muhandis, wato injiniyan, ba, idan iƙamarsa, takardar zama a ƙasa, ta ƙare, halas, shi ke nan, kamfani ba zai sabunta ba. Yana faɗa yana kallon silin, amma kowa ya san da wa ake. Iƙamar Baba saura wata uku, shekarunsa sun haura sittin da biyar, kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai da bakin gora.

Ku da kuke nan kun san abin da wannan ke nufi. Baba ba shi da kowa a Mai Wurno sai sunaye a bakin tsofaffi. Matarsa Hajiya Kande a nan Jidda aka binne ta, kuma kowace Juma'a bayan sallah yana zuwa maƙabarta ya yi mata addu'a. Ya sha gaya min ba ya roƙon Allah gida ko mota, roƙonsa ɗaya ne: a sa shi a ƙasar da aka sa Kande.

Na ce masa, "Baba, ka koyi ɗan Turanci mana. Da shi samarin nan suke magana da Migel."

Ya ce, "Na farko dai sunansa Mika'ilu. Sunan mala'ika ne, ba zan taya shi lalatawa ba. Na biyu, Turanci rigar aro ce a jikinsa, ba ka ga yadda take matse masa wuya ba? Da yaren uwarsa zan same shi. Nemo min kalmomin nan uku."

Na bincika, aka ce min akwai wani wanzami a Bab Makka, Abdussalam, mutumin arewacin Maroko, da ya yi shekaru a Sifen yana jin yarensu kamar ruwa. Ranar Asabar bayan la'asar muka je. Shagon ƙarami ne, tsakanin mai yadi da mai sayar da ful, dafaffen wake, kujerar aski ɗaya, benci ɗaya. Baba ya yi sallama ya faɗi buƙatarsa.

Abdussalam ya ce, "Ya Hajji, ni ba makaranta na buɗe ba. Wanda ke kan kujera shi nake wa magana. Na benci jira yake."

Baba ya cire hula. Kun san kan Baba, ko ƙwai ya fi shi gashi.

Wanzami ya dube shi ya ce, "Me zan aske a nan?"

Baba ya shafa gemunsa. Gemun nan fari ne tas, ya kai ƙirji, yana shafa masa turare kafin ya shafa wa rigarsa. Ya hau kujera ya ce, "Rage kaɗan. Kaɗan fa. Kuma ka yi a hankali, bakinka ya fi almakashinka sauri."

Ni ina benci da littafi da alƙalami. Abdussalam ya taɓa kujerar ya ce, "Este." Ya nuna bencin da nake ya ce, "Ese." Ya nuna wani kwandon shara can tsallaken titi ya ce, "Akel." Na rubuta su da ajami, na sa musu wasali yadda Baba zai iya karantawa da gilashi. Baba ya maimaita sau uku, sannan ya yi musu sharhi irin nasa: este shi ne abin da hannu ya kai, ese abin da gora ta kai, akel kuwa sai an kira Habu da mota. Ya sauko yana murna.

Yana sa hula wanzami ya ce, "Amma fa wannan na namiji ne. Mace da nata."

Baba ya tsaya da hula a hannu. "Suna bambanta mace da namiji?"

"Har kwali mace ce a wurinsu."

"Ashe mutanen kirki ne. Kamar mu ke nan, wancan da waccan. To faɗa min."

"Sai wani askin, ya Hajji. Ga mutane suna jira."

Asabar ta biyu gemu ya sake raguwa, muka samo esta, esa, akeya. Baba yana saukowa Abdussalam ya ce saura na jam'i, maza da mata. Baba ya ƙirga a gaɓoɓin gora, gora ta ƙare, lissafi bai ƙare ba. Ya dubi madubi, ya kama abin da ya rage a tafin hannu ya ga daidai kamu ɗaya ne, ba ragi.

Ya ce, "Daga nan kuma an shiga hurumin sunna. Habu, hau kujera."

"Baba, shekaranjiya na yi aski."

"Ilimi ne ya kira ka, ba aski ba."

Asabar huɗu a jere ana aske min kan da babu komai a kai. Matata ta fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoye mata. A masallacin unguwa har wani ya ce min umra ta karɓu, ya ga ina ta zuwa kowane mako ban gayyace shi ba.

A sito kuwa Baba ya mai da kowa ɗalibi. Ba ka isa ka miƙo masa kofin shayi ba sai ka faɗi ko este ne ko esta. Wata rana na ji shi a alwala yana nuna butoci da gora yana jera su. Liman ya tambaye shi wane zikiri ne wannan. Ya ce, "Na neman iƙama ne, Malam, ba ya cikin littattafanku."

Ranar da ya fara gwadawa a kan Mika'ilu ba zan manta ba. Mika'ilu yana yawo da gwangwanin jan fenti yana sa alama a kan duk tabliyar da za a zubar. Tabliya ita ce katakon da ake jera kwalaye a kai. Ya shiga Bayan Gari ya ga abin da Baba ya tara na shekaru, ya dafe kai, ya fara fesa ja ba ƙaƙƙautawa. Baba ya zo ya tsaya a bayansa ya yi gyaran murya. Ya taɓa wata tabliya ta fasassun tayil ya ce, "Este, yalla," wato a tafi da wannan. Ya miƙa gora ga ta gaba ya ce, "Ese, yalla." Sannan ya ɗaga gorar can sama, layin ƙarshe, ya ce, "Akeyos, la," wato waɗancan a'a.

Gwangwani ya kusa faɗuwa daga hannun Mika'ilu. Ya juyo ya yi ta zuba yarensu da fara'a, yana bugun ƙirji, yana nuna Baba, yana dariya. Wata biyu ke nan bai ji ko kalma ɗaya ta gida daga bakin mutum ba. Baba ya dogara da gora yana gyaɗa kai yana cewa "na'am" a wuraren da suka dace.

Bayan ya tafi na ce, "Baba, me ya ce?"

"Ina zan sani? Amma ka ga haƙoransa?"

Haƙora dai mun gani, sai dai ja bai goge ba. Mika'ilu ya shiga kawo wa Baba gahawa da safe, suna zama suna nuna wa juna abubuwa kamar masu wasan yara, amma a takardarsa Bayan Gari na nan cikin abin da za a kwashe. Aka sa ranar Litinin motar shara za ta zo. Iƙamar Baba saura kwana goma sha tara, kuma Majid bai ce komai ba.

Lahadi da hantsi Baba ya kira ni. Ya ce, "Me aka ce a kwashe?"

"Kayan da ke Bayan Gari."

"Idan mota ta zo ta tarar babu kaya a Bayan Gari, wa ya saɓa umarni?"

"Baba, ni ma iƙama gare ni, da 'ya'ya huɗu."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka tuƙa mota, aikinka ke nan."

Allah ya yafe min, na tuƙa. Na rarraba tabliyoyin a saman layuka daban-daban, na juya jan fentin ya fuskanci bango. Motar shara ta zo ta kwashe fasassun da Baba ya yarda da su, ta tafi. Mika'ilu ya leƙa lungun ya gan shi fes, ya dubi Baba, ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi saman layuka na ɗan lokaci. Ya wuce abinsa. Har yau ina zaton ya gane.

Ranar Alhamis sai ga wani dattijo ɗan kwangila, tsohon abokin mahaifin Majid, wanda rabin kayan sitonmu shi ke saya. Ya shigo da wani abu naɗe a hankici. Ya buɗe, ɓallin tayil ne shuɗi. Shekara tara da suka wuce ya shimfiɗa shi a harabar wani masallaci, yanzu bututu ya fashe an farfasa wani sashe, kuma matar da ta gina masallacin sadaka ga mijinta ta ce ba ta yarda da faci mai launi biyu ba. Ya zaga Jidda bai samu ba. Ya ce wa Majid, "A wurin ubanka na saya. In babu a nan, to ban san amfanin zumuncinmu ba."

Majid ya kira Mika'ilu. Mika'ilu ya danna kwamfuta, ta ce babu. Ya kira Sifen a waya, suka ce sun daina yin irinsa. Majid ya fara zufa duk da sanyin ofis.

Baba yana bakin ƙofa. Ya ce wa Majid, "Ya waladi, ɗana, a ba ni in gani."

Majid ya ce, "Ammi Ishaƙ, baffa, ba yanzu ba."

Ɗan kwangila ya ce, "Ba shi. Shi ya loda min shi da farko."

Baba ya karɓi ɓallin, ya jiƙa babban yatsa ya shafa, ya kai shi kusa da ido. Bai buɗe littafi ba. Ya juya ya kama hanya, mu duka muna biye da shi kamar masu rakiyar ango. A layi na huɗu ya sa na sauko da tabliya. Aka juyo ta, ga jan fenti ɓaro-ɓaro. Majid ya dube ni, ni kuwa na ga wani abu mai muhimmanci a sitiyari ina ta dubawa. Mika'ilu ya karanta jikin kwalin, ya ga suna ɗaya, lamba ɗaya da abin da ake nema, ya yi tsalle yana tafi.

Baba ya ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Este, la."

Ya sa na sauko da ta biyu daga layin da ke gaba. Ita ma suna ɗaya, lamba ɗaya. Majid ya ce, "Halas, ga shi an samu." Baba ya taɓa ta da bakin gora ya ce, "Ese, la."

Sannan ya juya, ya miƙe tsaye sosai, abin da ban ga ya yi ba cikin shekaru, ya ɗaga gora can ƙarshen sito, can sama kusa da rufi, ya ce, "Akel."

Na tafi na ɗauko. Kwali goma sha ɗaya ne, ƙura ta rufe su. Baba ya ce a fitar da ɗaya daga kowace tabliya zuwa rana. Aka jera su uku a ƙasa a tsakar fili, aka ɗora ɓallin a kan kowanne. A cikin sito duk shuɗi ɗaya ne. A rana kuwa na farko ya ɗan yi duhu, na biyu ya ja zuwa kore. Da aka ɗora ɓallin a kan na uku, sai ya ɓace. Sai da ɗan kwangila ya sa hannu ya lalubo shi.

Mika'ilu ya durƙusa a rana yana duba su. Ya bayyana wa Majid cewa tayil ɗin gashin wuta uku ne daban-daban, kowace wuta da launin da take bayarwa, kuma kwamfutarsa ta haɗe su a suna ɗaya. Ya miƙe, ya cire hular kwanonsa, ya nuna Baba da hannu biyu ya ce wa Majid, "Este." Ya ƙara wata doguwar magana da Turanci, amma Baba ya ce shi kalmar farko ta ishe shi.

Ɗan kwangila ya ce, "Ya Majid, da ni ne kai, da kwamfutar zan sallama."

Kafin sallar azahar Majid ya aiko a karɓi fasfon Baba don sabunta iƙama. Ya kuma ce a mayar da Bayan Gari yadda yake, a shigar da littafin ajami cikin kwamfuta. Ni na yi wata biyu ina karanta wa Mika'ilu, shi yana bugawa. Don haka maganar ƙofar da na ɗauka da mota yanzu tana cikin yare uku.

A wannan aikin ne na kai ga shafin shuɗin nan. Rubutun Baba ne da kansa. Ya rubuta: "Shuɗi mai haske, wanda ya zo makon da Kande ta rasu." Na ɗaga kai na dube shi yana can yana nuna wa wani direba hanya. Ban karanta wa Mika'ilu a ranar ba. Na ce masa idona ya gaji.

Baba ya ƙara shekara huɗu a sito. Gemu ya dawo har ya fi da. Ya koma cewa yare goma sha biyu yake ji, kuma na ƙarshen ya fi tsada domin da jikinsa ya biya, da kan Habu. Duk wanda ya yi masa gardama sai ya ce a kira Mika'ilu ya ba da shaida.

Ya rasu ranar Laraba da safe a ɗakinsa na Sa'alaba, iƙamarsa da sauran wata bakwai. Aka yi masa sallah bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar da Hajiya Kande take. Mika'ilu bai shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana, rungume da gorar, domin Baba ya bar wasiyya a ba shi. Da muka fito ya tare ni, idonsa ja, ya tambaye ni da ɗan Larabcin da ya koya a ina aka sa shi. Kaburburan duk iri ɗaya ne, ba suna, ba alama sai dutse. Na ɗaga hannu zan nuna, sai na tuna. Na karɓi gorar, na miƙa ta ta ƙofa, can kusa da bangon gabas inda ƙasa ke da danshi, na ce, "Akel."

Allah ka jiƙan Baba Ishaƙa. Ka ba shi abin da ya roƙa a duniya, ka cika masa da abin da ya fi shi. Yatsan da ya killace maka shekara saba'in, ka sa ya zame masa shaida ranar tsayuwa. Ka haɗa shi da Kande a inda ba a neman takardar zama, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.